Yadda Ake Lissafin Abin da Kogi Zai Iya Ɗauka, da Kiyaye Sharuɗɗan Lasisin Zubar da Tataccen Ruwa

Duk wanda ya taɓa riƙe matatar ruwan ƙazanta ya san takardar nan mai cike da lambobi da hukumar kula da muhalli ke bayarwa: BOD, wato yawan iskar oksijin da bakteriya ke sha wajen cinye ƙazantar da ke cikin ruwa, kada ya wuce kaza, amoniya kada ta haura kaza, pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin kaza da kaza. Da yawa sukan liƙa ta a bangon ofis, su riƙa binta ido rufe, ba su san daga ina lambobin suka fito ba. To, wasu daga cikin lambobin nan kogin da ake zuba wa ruwan ne ya haife su, kuma a ranar da ya fi kowace rana galabaita, wato ranar da ruwansa ya ja baya matuƙa kuma zafi ya yi tsanani. Idan ka iya lissafin wannan rana da hannunka, za ka san abin da lasisinka ke nufi, ka san inda za ka yi gardama da hukuma da hujja, ka kuma san inda gardama ba ta da amfani.

Mataki na ɗaya: rarrabe iyakoki iri biyu

Ɗauki lasisin, ko daftarinsa idan ba a kai ga sa hannu ba, ka raba lambobin gida biyu.

Kashi na farko su ne waɗanda aka ɗora bisa abin da injinan tacewa za su iya yi, ko wane kogi ne a gabanka. A Amurka, ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, matatar gari mai tacewa a mataki na biyu ba za ta wuce miligiram 30 a kowace lita na BOD ba a matsakaicin wata, 45 a matsakaicin mako, haka ma daskararrun abubuwan da ke yawo cikin ruwa, sannan ta cire aƙalla kashi 85 cikin ɗari na abin da ya shigo, pH kuma tsakanin 6 da 9. Tarayyar Turai a dokarta ta 1991 ta sa 25 ga BOD, 125 ga COD, wato yunwar oksijin da ake aunawa da sinadari maimakon bakteriya. Waɗannan ba a yin ciniki a kansu, kuma ba sa bukatar wani lissafin kogi.

Kashi na biyu su ne waɗanda aka ɗora bisa ƙarfin kogin. Idan kogin ƙarami ne, 30 ɗin nan ma tana iya kashe kifi, sai hukuma ta sauko da ita. A nan ne ake bukatar lissafin kwaikwayo, wato a gina hoton kogin cikin lissafi, a zuba masa ruwan a takarda ko a kwamfuta, a ga abin da zai faru. Ƙa'idar ita ce a lissafa duka biyun, wadda ta fi tsauri ita ke shiga lasisi.

Kafin ka ci gaba, nemi a gaya maka a rubuce matsayin da aka ba wannan kogi: na kiwon kifi ne, na wanka da iyo ne, ko akwai inda ake jan ruwan sha a ƙasa da kai. Kowane matsayi da ma'auninsa, kuma ma'aunin ne abin da duk lissafinka zai riƙa nufa.

Mataki na biyu: nemo ranar da kogi ya fi ƙanƙanta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da matsakaicin ruwan kogi na shekara. Matsakaicin nan yana da daɗin gani a takarda, amma kifi ba a matsakaici yake mutuwa ba. Abin da aka saba amfani da shi shi ne adadin da ake kira 7Q10: mafi ƙarancin gudun ruwa na kwana bakwai a jere, irin wanda ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara goma. Ana fitar da shi daga bayanan tashar auna ruwa: a kowace shekara a zaƙulo kwana bakwai mafi ƙaranci, a jera su, a yi lissafin yiwuwar maimaituwa. Bayanan shekara biyu ko uku ba su isa ba, a nemi na shekara goma zuwa sama.

Idan babu tashar awo a kusa da bakin bututunka, ana aro daga tashar da ke kan wani kogi mai kama da naka, a daidaita bisa girman filin da kowanne ke tara ruwa daga cikinsa. Aro ne dai, don haka ka fita da kanka a tsakiyar rani ka auna sau uku ko huɗu, ka ga ko abin da ka aro ya yi kusa da gaskiya. Akwai kogunan da 7Q10 ɗinsu sifiri ne. A irin wannan hali babu ruwan da zai sirka naka, ruwanka shi ne kogin, ma'aunin kogi kuma a bakin bututu zai same ka.

A ɓangaren matatar kuwa, sa adadin da aka gina ta don ta fitar, ba wanda take fitarwa yau ba, domin lasisin zai yi shekaru kuma gari yana girma.

Mataki na uku: lissafin gauraya

Wannan ba ya bukatar kwamfuta. Ruwa biyu ne suka haɗu: ka ninka yawan kowanne da ƙarfin abin da ke cikinsa, ka tara, ka raba da jimillar ruwan.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don koyarwa kawai. Matatar tana fitar da kubik mita 0.1 a sakan, wato kubik mita 8,640 a rana. Kogin yana ɗauke da amoniya miligiram 0.1 a kowace lita kafin ya iso gare ka, ma'aunin da ake so kada a wuce bayan gauraya kuma a ce 1.5 ne. Idan kogin yana gudu da kubik mita 0.9 a sakan, jimillar ruwa 1.0 ke nan. Abin da aka yarda ya kasance a ciki 1.5, ka cire 0.09 da kogin ya riga ya zo da shi, saura 1.41, ka raba da 0.1. Ka samu damar fitar da amoniya har 14.1. Yanzu sauke kogin zuwa 0.3. Jimilla 0.4, sau 1.5 ya ba da 0.6, cire 0.03, raba da 0.1: 5.7. Matata ɗaya, bututu ɗaya, amma damarka ta ragu da fiye da rabi saboda kogi ya ja baya. Shi ya sa rigima tsakanin masu matata da hukuma kan fi zafi a kan adadin ruwan kogi.

Ka lura da abu ɗaya game da amoniya: gubarta ga kifi tana ƙaruwa idan pH ya hau ko zafi ya ƙaru, domin a lokacin ne kaso mafi yawa ke komawa siffar da ke ratsa jikin kifi. Saboda haka ma'aunin amoniya ba lamba ɗaya ba ce daskararriya, sai an haɗa da pH da zafin kogin a lokacin tsanani.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa ruwan biyu sun gauraya nan take, alhali a kogi mai faɗi ruwan matata yakan bi gefe ɗaya kamar zare na tsawon tafiya kafin ya bazu. Hukumomi da yawa sukan ware ɗan yanki a bakin bututu inda ake yarda a wuce ma'auni, da sharaɗin kada ya tare faɗin kogin gaba ɗaya, kifi ya samu hanyar wucewa. Idan ba dukan ruwan kogin aka ba ka ka sirka da shi ba, sai kaso, to da wannan kason za ka yi lissafi. Manhajar CORMIX aikinta ke nan, ta nuna yadda ruwa ke bazuwa daga bakin bututu. Sau da yawa sauya bakin bututun zuwa mai ƙofofi da yawa, a shimfiɗa shi zuwa tsakiyar ruwa, ya fi ƙara sabon tanki sauƙi.

Mataki na huɗu: bi sawun iskar oksijin

A nan gizo ke saƙar. Guba irin ta amoniya ko kulorin a bakin bututu ta fi ƙarfi, amma ƙarancin oksijin can gaba yake bayyana, bayan tafiyar kilomitoci, inda mai matata ba ya ko leƙawa. Dalili shi ne abubuwa biyu ne ke ja-in-ja a cikin ruwan. Ƙwayoyin bakteriya suna cin ragowar ƙazantar suna shanye oksijin, ta ɗaya gefen kuma iska tana shiga ta saman ruwa tana mayar da abin da aka sha. Da farko masu sha sun fi ƙarfi, oksijin ya yi ta sauka, har abincinsu ya ragu, sannan ya fara farfaɗowa. Harold Streeter da Earle Phelps ne suka tsara lissafin wannan lanƙwasa a 1925 daga binciken kogin Ohayo, kuma har yau shi ne ƙashin bayan manyan manhajojin.

Abubuwan da za ka tanada guda biyar ne. Na farko oksijin da ruwa zai iya riƙewa a zafin da ake ciki: kusan miligiram 9.1 a kowace lita a digiri 20, kusan 7.5 a digiri 30. Tun kafin ka zuba komai zafi ya riga ya cinye maka wani kaso. Na biyu oksijin bayan gauraya. Na uku BOD na ƙarshe, ba na kwana biyar ba. Gwajin da aka saba yi a ɗakin gwaje-gwaje kwana biyar ne a digiri 20, kuma bai kama dukan yunwar ruwan ba. Akan ninka shi da kusan 1.5, amma ruwan da aka tace sosai ninkinsa yakan fi haka, don haka gara ka sa a yi maka dogon gwaji na kwana ashirin ko fiye ko da sau ɗaya ne. Na huɗu saurin ruɓewa, na biyar saurin shigar iska. Dukansu biyun a digiri 20 ake ba da su, sai ka gyara: na ruɓewa ka ninka da 1.047 ga kowane digiri da aka ƙara, na shigar iska da 1.024. Saurin shigar iska ana ƙiyasta shi daga gudun ruwa da zurfinsa. Ruwa mai gudu marar zurfi yana shan iska da sauri, mai zurfi da ke tafiya a hankali kuwa da ƙyar.

Mu koma misalinmu, kogi 0.3, matata 0.1, zafi digiri 30. Ruwan matata BOD ɗinsa 30, na ƙarshe 45, na kogi 2, bayan gauraya 12.75. Oksijin na kogi 7, na matata 2, bayan gauraya 5.75. Saurin ruɓewa 0.23 a rana, zafi ya kai shi 0.36. Ruwa yana gudun mita 0.1 a sakan, zurfinsa mita ɗaya, saurin shigar iska ya kama kusan 1.6 a rana. Idan ka buga lissafin, oksijin zai sauka zuwa kusan 5.2 bayan awa goma sha bakwai, wato wajen kilomita shida a ƙasa da bututu. Idan ma'aunin kogin 5 ne, ka tsallake da ƙyar da jiɓin goshi.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin ba mu sa amoniya ba. Bakteriyar da ke juya amoniya zuwa naitiret suna shan giram 4.57 na oksijin ga kowane giram na naitirojin. Wannan 5.7 da lissafin guba ya halatta maka ɗazu, yunwar oksijin ce ta kusan 26, bayan gauraya 6.5. Ɗora ta a kan 12.75, ka ɗauka saurin cin su ɗaya ne don sauƙi, sai oksijin ya faɗi zuwa kusan 4.3 a wajen kilomita takwas. Lambar da ta ci jarrabawar guba ta faɗi a jarrabawar oksijin. Yanzu zaɓi ya rage naka: ka rage amoniya, ko ka rage BOD, ko ka sa matakalar da ruwa zai riƙa gangarowa yana shan iska kafin ya shiga kogi. Gwada kowanne a lissafin ka ga wanda ya fi arha ya kai ka 5.

Mataki na biyar: sai yanzu za ka buɗe manhaja

Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma ba na ɓoye shi: wanda bai yi lissafin hannu ba kada ya taɓa manhaja. Manhaja ba ta ƙin lamba. Ka ba ta zurfin da bai taɓa kasancewa ba, za ta zana maka hoto mai kyau, kai kuma ba ka da abin da za ka auna shi da shi.

Zaɓin ya danganta da ruwan. Kogi mai gudu ɗaya, wanda yanayinsa ba ya sauyawa sosai cikin kwanaki, QUAL2K ta ishe shi: za ka yanka kogin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da faɗinsa da zurfinsa da gangararsa, ka saka kowane bututu da kowane rafi da ke shigowa, da duk inda ake jan ruwa. Tafki, ko bakin teku inda ruwa ke gaba yana dawowa, sai irin su WASP, waɗanda ke bin sauyin lokaci. Kada ka ɗauki babbar manhaja don burgewa, kowace ƙarin ƙofa a cikinta lamba ce da sai ka nemo ta a fili.

Abin da manhaja ta fi lissafin hannu da shi abu biyu ne. Ɗaya lakar ƙasan kogi, wadda ita ma tana shan oksijin, kuma a ƙaramin kogi marar zurfi tana iya fin ruwan matatar ci. Ɗaya kuma gansakuka. Naitirojin da fosfaras da ke cikin tataccen ruwa taki ne a gare ta. Da rana tana fitar da oksijin, da dare tana sha. Na taɓa duba bayanan wani kogi da aka yi watanni ana aunawa, kowace lamba tana sama da 8, amma mutane na ta kawo ƙarar mataccen kifi. Da muka duba takardun sai muka ga duk awon tsakanin sha ɗaya na safe da biyu na rana aka yi shi, lokacin da mota ke samuwa. Muka ɗaure na'urar awo a jikin ƙafar gada ta kwana uku. Kafin fitowar rana lambar tana ƙasa da 3. Ruwa ba ya tsami banza.

Mataki na shida: daidaita kwaikwayon da kogin gaske

Fita fili a lokacin ƙarancin ruwa, bayan an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. Zaɓi wurare: ɗaya a sama da bututu, ɗaya a bakin bututu, sauran a jere zuwa ƙasa, ka cunkusa su a yankin da lissafin hannu ya nuna oksijin zai fi sauka. A kowane wuri auna gudun ruwa, zurfi, zafi, pH, oksijin, ka ɗebi samfur na BOD, amoniya, naitiret da fosfaras. Idan da hali zuba rinin gwaji a sama ka ga awa nawa zai ɗauka kafin ya isa kowace tasha, domin lokacin tafiyar ruwa shi ne abin da aka fi ƙiyastawa ba daidai ba.

Da wannan bayani za ka riƙa murɗa saurin ruɓewa da na shigar iska da na laka har layin manhaja ya bi ɗigon da ka auna. Amma kowace lamba tana da iyakar da hankali zai ɗauka. Idan sai ka ninka saurin shigar iska sau biyar kafin layi ya zauna, to akwai abin da ka manta: wani bututu da ba ka sani ba, ko ƙaramin shinge da ruwa ke zubowa ta kansa.

Bayan haka ka sake fita a wani lokaci dabam, ka kawo sabon bayani, ka gwada kwaikwayon ba tare da ka taɓa ko lamba ɗaya ba. Idan ya kama, ka samu abin dogaro. Daga nan ka ɗaga kowace lamba ka sauke ta da kashi ashirin cikin ɗari, ɗaya bayan ɗaya, ka ga wadda ta fi girgiza sakamako. Ita za ka kashe kuɗin ƙarin awo a kanta, ita ce kuma jami'in hukuma zai fara tambayarka.

Mataki na bakwai: daga lissafi zuwa aikin yau da kullum

Lambar da kwaikwayo ya bayar rufi ce, ba wurin zama ba. Ruwan matata yana hawa da sauka, don haka matatar da matsakaicinta na shekara ya yi daidai da iyakar lasisi za ta karya shi kusan rabin lokaci. Duba sakamakonka na shekara ɗaya ko biyu, ka lissafa yadda yake warwatsuwa, ka tsayar wa ma'aikata wata lamba ta cikin gida da ke ƙasa da ta lasisi, wadda da zarar an taɓa ta za a fara bincike. Idan samfuranka ba su kai goma ba, hukumar kare muhalli ta Amurka takan ɗauki 0.6 a matsayin ma'aunin warwatsuwa, wato girman hawa da saukar sakamako idan an kwatanta da matsakaicinsa. Matatar da ke aiki a natse takan fi haka kyau, ke nan yawan awo yana iya sama maka sassauci.

Karanta kowane layi na lasisin da tambayoyi uku: wane irin samfur, sau nawa, wane irin matsakaici. Samfur na ɗiba ɗaya daban yake da na haɗin awa 24 da na'ura ke tarawa bisa yawan ruwan da ke wucewa. pH, oksijin da ragowar kulorin a wurin ake auna su, cikin minti goma sha biyar. Samfurin BOD a sanyaya shi cikin ƙanƙara, a fara gwajinsa kafin awa 48. Kowace kwalba da takardarta mai nuna wanda ya ɗiba, ƙarfe nawa, hannun wa ta bi har ta isa ɗakin gwaji. Ƙwayoyin cuta kuwa ba da matsakaicin da aka saba ake lissafa su ba, ninkawa ake yi a ɗauki saiwa: 10 da 100 da 1,000 suna ba da 100, ba 370 ba.

Kada ka manta da iyakar nauyi. Lasisi yakan sa miligiram a lita, ya kuma sa kilo a rana. Matatar misalinmu a 30 tana zuba kilo 259 na BOD kowace rana. Idan ruwan sama ya kutsa cikin bututun gari ruwan ya ninka, kana iya zama ƙasa da 30 amma kilo ya wuce. Wannan shi ke toshe dabarar sirka ruwa da ruwa.

Ranar da aka wuce iyaka, kuma za a yi, rufa-rufa ita ce ta fi laifin kansa tsada. A tsarin Amurka, idan abin zai iya cutar da lafiya ko muhalli, ana sanar da hukuma da baki cikin awa 24, a bi da takarda cikin kwana biyar, a faɗi abin da ya faru, tsawon lokacinsa, da matakin da aka ɗauka. Idan ka ƙara awo fiye da yadda aka nema, ta hanyar gwajin da aka amince da ita, duka za ka saka a rahoto, ba ka zaɓi masu kyau ka jefar da sauran ba. Ana ajiye takardun awo da na gyaran na'urori aƙalla shekara uku.

Lasisin Amurka ba ya wuce shekara biyar, kuma ana neman sabuntawa kwana 180 kafin ya ƙare. Duba abin da dokar ƙasarka ta tanada, ka sa ranar a kalanda tun yau. Shekara ɗaya kafin lokacin, sake buɗe kwaikwayon, ka saka sabon 7Q10 da ya haɗa da shekarun da suka wuce, ka duba ko an kafa wata matata ko wani mai jan ruwa a sama da kai, ka tafi wurin hukuma da bayanan awon asuba na ranin da ya gabata a hannunka.